Littafin Baba Na-Ƙofa

An yi wani mai shayi a Kakuri, can ƙetaren kogin Kaduna ta kudu, wanda har jama'a suka manta sunansa na yanka. Kowa Baba Na-Ƙofa yake ce masa, saboda a bakin ƙofar masaƙa ya kafa teburinsa tun gemunsa bai gama fitowa ba. Asalinsa mutumin ƙasar Funtuwa ne. Yana saurayi ya biyo wata motar auduga yana yaron mota, da suka sauke kaya ya dubi garin ya ga ya yi masa, sai motar ta koma ba da shi ba.

A wancan zamani Kaduna garin masaƙu ce. Gwamnatin Sardauna ce ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila, David Whitehead, aka kafa ta farko, wato KTL, wadda ta fara fitar da akoko a 1957. Daga nan sai Nortex, sai UNTL, sai Arewa Textiles da Japanawa suka sa wa hannu, duk kafin 1970. A 1975 kuma kamfanin Fijo ya buɗe wurin haɗa motoci a nan kusa. Auduga ta taho daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi an riga an gurje ta, a Kakuri a kaɗa ta ta zama zare, a saƙa, a rina, a buga mata zane, a ɗaure bandir-bandir a loda wa fatake.

Mutanen unguwar ba su damu da agogo ba, jiniya ta ishe su. In ta yi kuka da sassafe, masu aikin dare su fito, masu aikin safe su shiga, titi ya cika da kekunan Rali har mai tafiya a ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafa. 'Yan sashen kaɗi su fito da ƙurar auduga a gira da gashin baki, saurayi ɗan shekara ashirin ya tashi da furfurar aro. 'Yan sashen rini kuwa ba sai an tambaya ba, hannunsu ya isa shaida. Yara ma suna da tasu sana'ar. Kafin su wuce makaranta sai sun yi musu a kan launin da ruwan babbar kwata zai ɗauko yau, ko shuɗi, ko ja, ko ruwan goro, wanda ya faɗi ya ɗauki jakar wanda ya ci har ƙofar aji.

Gidajen haya ne ɗaki ɗai-ɗai a jere, ƙofa na kallon ƙofa, famfo ɗaya a tsakar gida. Bahaushe a wannan ɗaki, Banufe a na gaba, sai Tibi, sai Igala, sai mutumin Zonkwa, sai Bayarabe tela a shagon zaure. Da Hausa ake faɗan layin famfo, da Hausa ake shiryawa. Ran Sallah kwanon tuwo da nama ya zaga ɗakuna, ran Kirsimeti shinkafa da kaza su rama, kazar ma tun jajibiri an kai wa Malam ya yanka don kowa ya ci hankalinsa kwance.

Duk wannan jama'a, ko shiga za su yi ko fita, sai sun bi ta gaban teburin Baba. Dogayen bencina biyu ne, da tukunyar ruwa da ba ta sauka daga wuta, da gwangwanayen madara an jera sun yi dala, da burodi, da kiret ɗin ƙwai. Mai hali ya ce a haɗa masa mai kauri da ƙwai biyu, wanda wata ya yi wa nisa ya ce ruwan bunu. Baba ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin wani kofin, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har ya huce ya yi kumfa, ko ɗigo bai taɓa tebur ba.

Amma ba tukunya ce ta riƙe teburin nan ba, littafi ne. Ma'aikacin masaƙa sau ɗaya yake ganin kuɗi a wata, cikinsa kuwa kullum sai ya yi tambaya. Saboda haka in mutum ya sha ya goge baki, sai ya ce, "Baba, rubuta." Baba ya jawo wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur, ya lashi bakin fensir, ya rubuta. Bai yi boko ba, da ajami yake rubutunsa, ajamin ma irin nasa, wanda ko malamin da ya koya masa sai ya yi da gaske. Kuma ba ya sa sunan kowa na gaskiya. Akwai shafin Dogo na Rini, akwai na Mai Koren Keke, akwai na Tibi Mai Dariya, akwai na Heluma. Mai tsegumi ko ya leƙo babu abin da zai tsinta.

Ran albashi kowa ya zo ya biya. A nan ne Baba yake da wata al'ada da ta daɗe tana ba baƙi mamaki. In mutum ya ƙirgo kuɗinsa cif, sai Baba ya ware sisi ko sule, bayan 1973 kuma ya ware 'yan kwabbai, ya tura masa abinsa, ya ce wannan iri ne, ba a cinye iri. Ya bar shi a rubuce ya kwana zuwa wata mai zuwa. Wata rana wani saurayi ya nace shi sai ya biya duka, a soke shafinsa. Baba ya karɓa bai yi musu ba, ya ce masa, to, ina aka nufa? Saurayin ya yi turus, don ko abokin ɗakinsa bai gaya wa ya sami aiki a Ikko ba. Tun daga ranar 'yan benci suka gane cewa a wurin Baba, wanda ya share shafinsa sallama ya yi.

Aka yi ta tafiya haka. Aka ci kuɗin Udoji a 1975, aka sayi rediyo da babura, wasu suka ƙara aure. Sai zamani ya fara juyawa. Daga 1986 darajar naira ta karye, kayan gyaran injuna da sinadarin rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta koma sai ta ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa da shi ya yi wuyar samu, atamfar waje mai araha ta yi ta kwararowa ta kan iyaka. Aka rage aikin dare, aka rage ma'aikata. A watan Fabrairu na 2000 kuma aka yi rikicin da ya raba Kaduna biyu. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna ɗiba a famfo ɗaya suka kwashe kaya, wasu suka haye gada zuwa Tudun Wada da Rigasa, wasu suka gangara Sabon Tasha da Romi. A 2002 KTL ta rufe ƙofa, a 2007 UNTL ta bi sahu. Ciyawa ta fito a inda ake jingine kekuna.

Baba bai ɗaga teburinsa ba. Da aka ce masa ya koma bakin tasha inda ake ciniki, sai ya ce masu bashinsa nan suka san shi, in ya tashi ina za su same shi su biya? Aka yi masa dariya, don kowa ya san masu bashin nan an sallame su hannu rabbana, haƙƙinsu na barin aiki ma sai dai alkawari. Amma kuwa suka ci gaba da zuwa. Kullum da hantsi sai ga su ɗai-ɗai, har da masu shigo mota daga ƙetaren gada, su cika benci ɗaya, su sha ruwan bunu da rabin burodi, su yi labarin injin da ya fi kowane gardama, su yi lissafin abin da kowa zai karɓa in an biya su. Heluma, mutumin Zonkwa, wanda da can in ya yi tsawa ɗakin saƙa duka sai ya nutsu, shi ne mai fara zuwa. Rigarsa a goge take kullum, tela ya juya mata wuya sau biyu, da biro a aljihun gaba. In ya gama sai ya miƙe ya gyara wando, ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji, ya ce, "Baba, rubuta! In an biya mu zan gan ka." Baba ya ce Allah ya kai mu, ya lashi fensir.

In ɗayansu ya rasu, Baba ya rufe tukunya ya tafi da littafin a aljihu. Wurin jana'iza, da an tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, sai ya koma gefe ya ja layi a kan shafin, ya dawo sahu bai ce uffan ba. In Kirista ne ya je gidan makoki ya yi gaisuwa, ya ja layinsa a bakin ƙofa. Haka ya yi wa Dogo na Rini, haka ya yi wa Tibi Mai Dariya.

Shi kansa kuwa abin ya fara cin sa. Mai kantin da ke ba shi sukari da madara ya fara ɗaure fuska. Kwanon ɗakinsa yana yoyo, yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, ga jikarsa an sa ranar aurenta ko katifa ba a saya ba.

Ana nan, ran nan da la'asar, sai ga wata babbar mota mai baƙin gilashi ta tsaya. Wani mutum ya fito cikin farar shadda, ya zo ya tsuguna ya gaida Baba. Baba ya karkata kai ya dube shi da idon dama, ya dubi tsawonsa, ya ce wannan tsayi na gidan Dogo ne. Ashe ɗan Dogo na Rini ne, wanda ya tashi yana ɗaukar wa yara jaka in ya faɗi musun kwata. Yanzu ya zama babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari ta Kano, yana zuwa ƙasar Sin yana saro atamfa kwantena-kwantena. Baba ya ji haka ya yi murmushi, ya ce ashe dai ɗan rini bai bar sana'ar gida ba, sai dai ya canza marina. Ɗan Dogo ya sunkuyar da kai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Daga nan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya ce ya daɗe yana jin labarin littafin nan, ya zo ne ya biya duk abin da ke ciki daga bango zuwa bango, sadaka ga mahaifinsa. Gobe da safe zai dawo da kuɗi, a tara tsofaffin nan a gaya musu an yafe, a yi addu'a, a ɗauki hoto. Ya miƙa hannu ya buɗe littafin don ya ga jimla, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya mayar. Baba ya ce masa ya je ya kwana, magana irin wannan ba a yanke ta da rana tsaka.

Da dare ya gaya wa uwargida. Ta ce, "Malam, wannan kuma har sai an kwana a kansa? Allah ne ya dube mu." Ta lissafa masa kwano, ta lissafa ido, ta lissafa katifar yarinya, ta ce kuma su kansu bayin Allahn nan ai sauke musu nauyi za a yi, wa ke son ya mutu da bashi a wuya? Baba ya ce duk gaskiya ta faɗa. Ta juya ta yi barci.

Shi kuwa ya jawo fitila ya ɗauko littafin, ya kawo shi kusa da idon dama, ya shiga buɗawa. Kuɗin da ke ciki in an haɗa ya isa kwano da ido da katifa, har a yi ragowa. Kuma halas ɗinsa ne, guminsa ne, babu malamin da zai ce masa kada ya karɓa. Ya kai hannu zai rufe ke nan sai ya faɗa kan shafin Mai Koren Keke.

Wannan shafi ba mutuwa ce ta soke shi ba. Shekarun baya surukin mutumin ya zo, ɗan kirki, ya biya duka a gaban jama'a, 'yan benci suka yi ta sa masa albarka. Washegari Mai Koren Keke ya zo, ya tsaya a tsaye. Baba ya ɗauko kofi, ya ce a'a, ya karya a gida. Jibi ya sake zuwa, ya sake cewa ya karya, alhali leɓensa a bushe. Da can tsohon bashi ake bin sa, wanda ya faro tun yana mai albashi, kowane kofi ɗorawa ne a kan maganar da ke tsakaninsu. Yanzu ga farin shafi, ga mutum ba aiki, da wane baki zai ce a buɗe masa sabo? Daga ranar bai ƙara zuwa ba. Sai a gan shi zaune a ƙofar gida shi kaɗai yana kallon titi, kuma damina ba ta zagayo ba aka kira Baba jana'izarsa.

Baba ya buɗe shafin Heluma ya daɗe yana kallo. Ya hango shi gobe da safe, da gogaggiyar rigarsa da bironsa, an jera shi a layi ana ɗaukarsa hoto, yaron da ya taɓa kora daga bakin kwata yana tsaye a tsakiya. Ya hango shi jibi, ya sha shayi ya miƙe ya gyara wando, ya buɗe baki, babu abin faɗa. Sai ya hura fitila ya kashe. Da aka kira assalatu idonsa biyu.

Da hantsi Ɗan Dogo ya iso da jaka, da wani yaro mai riƙe da waya. Baba ya ce yaron ya je ya jira a mota, ya ja Ɗan Dogo bayan rumfa. Ya ce masa shafin mahaifinsa an rufe shi tun ranar da aka kai shi makwancinsa, babu ko kwabo. Shafukan sauran kuwa ba na sayarwa ba ne, don ba shi kaɗai ke da su ba, kowane shafi na mutum biyu ne, kuma ɗayan bai aiko shi ba. Ɗan Dogo ya ce, "Amma Baba, in suka mutu da shi fa?" Baba ya ce wannan aikin fensir ne, kuma fensir yana aljihunsa.

Ɗan Dogo ya tsaya riƙe da jaka ya rasa ta cewa. Sai Baba ya sassauta murya ya ce, amma akwai wani tsoho guda da ya sani, wanda bashi ya yi wa katutu, ga yoyo, ga ido, ga aure. In Alhaji zai taimaka, ya ranta masa. Ɗan Dogo ya ce wane irin rance kuma tsakaninsa da Baba, ai duka jakar kyauta ce. Baba ya ce in kyauta ce ga masallaci can, ga asibiti, masu buƙata ba su ƙare ba. Shi dai rance ya roƙa, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa, bai ga dalilin da zai sa a ce shi kaɗai ne ba shi da shi ba.

Ya ƙirgi abin da yake so, ya mayar da sauran. Ɗan Dogo ya zaro waya zai rubuta, Baba ya ce a'a, waya ana sacewa. Ya aiki yaro kanti ya sayo littafin 'yan makaranta, ya miƙa masa da fensir, ya ce, "Alhaji, rubuta." Sa'an nan ya kafa sharaɗi. Zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, Sallah zuwa Sallah. Shi bai san turawa ta banki ba, ba ya kuma ba direba ko ɗan aike kuɗi, don kada a yi musu. Mai kuɗi shi zai zo da ƙafarsa da littafinsa, ya karɓa ya soke da hannunsa.

Aka yi wa Baba aikin ido, aka gyara kwano, aka kai yarinya ɗakinta. Gwangwanayen madara suka sake yin dala. 'Yan benci suka ga ruwan bunu ya fara yin fari, burodi ya daina zuwa rabi, suka tambaya, Baba ya ce kasuwa ce ta yi kyau, kuma duk yana rubutawa, kada wani ya ɗauka banza ta faɗi. Heluma ya ce ai dama ba su ce a bar rubutawa ba.

Ƙaramar Sallah Ɗan Dogo ya zo daga Kano don kada a ce ya raina tsoho. Baba ya ce kuɗin suna gida, ya zauna ya sha shayi tukuna. Ya zauna a ƙarshen benci yana duban agogo. Heluma ya dube shi ya ce, kai ne na Dogo? Ya shiga ba shi labarin ubansa, yadda ya taɓa tsamo wani sabon ɗauka da rigarsa ta sarƙe a inji, da yadda yake rera waƙar Shata in aikin dare ya yi nisa. Har ya gaya masa abin da Baba bai taɓa faɗa ba, cewa shekarar da za a biya masa kuɗin jarrabawar fita sakandare albashi ya makara, kuma a wannan tebur aka ƙirgo kuɗin, aka rubuta su a matsayin shayi. Ɗan Dogo ya daina duban agogo. Sai bayan azahar ya tafi, da 'yan kuɗin da ba su kai na man motarsa ba.

Babbar Sallah ya dawo. Baba ya biya wani abu, ya kuma ranci wani abu, wai tukunya ta huje. Shekara ta zagayo ya zo da 'ya'yansa ya nuna musu ɗakin da aka haife shi da famfon da ya daina zuba. Daga baya ma ya daina jiran Sallah. In ya taso daga Kano zai wuce Abuja sai ya ratse, kuma ba a san yadda aka yi ba, ɗan Heluma ya sami aiki a shagonsa.

Wata shekara da hunturu ciwo ya kwantar da Baba, har aka fara kiran dangi. Ya sa aka kira Ɗan Dogo, ya jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin matashi, ya ce ya buɗe littafi ya faɗi abin da ya rage. Ya faɗa. Baba ya ƙirga masa cif, ya ce ya soke shafin. Ɗan Dogo ya karɓa ya sake ƙirgawa a hankali, ya zare takardar naira ɗari biyar ya tura ƙarƙashin matashin, ya ce, "Wannan iri ne, Baba." Tsohon ya harare shi, ya ce so yake ya tafi da bashi a wuya? Ɗan Dogo ya taɓa aljihun gaban rigarsa ya ce fensir yana nan, ya kuma san lokacin da ake jan layi.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, uwargida ta shigo da gudu tana salati. Bayan mako biyu ya nemi a kawo masa koko da ƙosai, kafin azumi ya koma bakin tebur, jikansa na tsiyaya shayi shi yana riƙe da littafi.

Saboda haka, mai karatu, in ka bi ta Kakuri da hantsi ka ga babbar mota a fake kusa da teburin mai shayi, da mai farar shadda a matse tsakanin tsofaffi a kan benci, kada ka ɗauka ɗan siyasa ne ya zo rabon kuɗi. Mai bin bashi ne, kuma naira ɗari biyar yake bi.